GOSHIN YAYA BAI TAƁA YIN JA BA

Shafi na 19

Na ga saƙonninku, ban iya amsa kowa ba ne. Wadda ta ce in daina ja mata rai, ga shi nan, ki karanta a zaune.

*

Ina bakin famfo ina matse sosunan na'ura na ji an turo ƙofar ɗakin atisaye, an mayar, an murɗa makulli.

Ban juya ba na san Yaya ne. Shi ne yake jan ƙafar hagu in hankalinsa ya tashi.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ina makullin kabad ɗin nan?"

Na juyo. Yana sanye da koren kayan tiyata, ya jawo hularsa har kan gira. Yau ce ranar. Yau zai cire wa wata mata matsarmama da hannunsa, ta 'yan ƙananan huda a ciki, babban likitan da suke kira Almakashi yana tsaye a kansa yana ba shi maki. Sau biyu ya faɗi wannan jarrabawar. In ya sake faɗuwa an sallame shi daga koyon tiyata ke nan, babu roƙo.

"Wane kabad?" na ce, alhali kabad ɗaya ne a ɗakin.

"Kada ki raina min hankali. Ana can ana shirya matar. Ki ɗora min abin nan a ka ko na ɗan lokaci ne, in wuce."

Abin da yake nufi na'urar da ke cikin kabad ɗin ce, ba ta fi ƙaramin rediyo girma ba. Wayoyi biyu gare ta, kowace da soso a baki. A jiƙa soson da ruwan gishiri, a ɗaure ɗaya a saman kai, ɗaya a goshi, sai ta riƙa tura ɗan mitsitsin lantarki ta fata zuwa ɓangaren ƙwaƙwalwa mai juya hannu. Ba yanka, ba allura. Farfesa, mai wannan binciken, tana son gano ko hakan yana sa hannun masu koyon tiyata ya faɗa da wuri. Ni ɗalibarta ce. Ni ke jiƙa soso, ni ke ɗaurawa, sannan in koma kusurwa in zauna ina kallonsu suna fama da zare a cikin akwatin atisaye. Digirina na biyu a kan wannan binciken yake rataye.

"An rufe zaman atisaye, Yaya. Ka sani. Farfesa ta ce ko taɓa ta kada a sake yi."

"Farfesa ce za ta shiga tiyatar ko ni?"

"Kai ne."

"To buɗe."

Na sunkuyar da kai ina kallon ruwan da ke ɗiga daga soso zuwa kan takalmina. Makullin yana aljihun farar rigata, ina jin sanyinsa a cinya.

Ya matso. Ya sassauta murya, irin wadda yake min da ita lokacin ina ƙarama in zai cire min ƙaya.

"Auta, dubi nan."

Ya miƙo hannayensa biyu.

Rawa suke yi. Ba sosai ba, amma wanda zai riƙe ƙarfe a cikin cikin mutum, wannan ma ta yi yawa.

"Kin tuna yadda nake kafin abin nan? Almakashi ya ce a gaban kowa hannuna na mai dakan fura ne, in nemi wata sana'ar. Da kika fara ɗora min, me ya faru? Wa ya fi kowa saurin ƙulli a rukuninmu?"

"Kai ne."

"To? Ba ita, ba ni. Ki taimake ni. Mama tun safe take kan sallaya, ta kira ni ya fi a ƙirga. Me zan koma in ce mata?"

Yana magana yana gumi, amma bai ɗaga hular ya share ba. Sai ya kai bayan hannu ya dangwala gefen fuska, ya kauce wa goshin. Ya sake yi. Yaya da ba ya iya zama da hula, ko a tiyata can baya yake tura ta har ana yi masa faɗa.

"Yaya, cire hularka."

"Me?"

"Cire in gani."

"Ke, ni sa'anki ne?"

Ban san inda na samo ƙarfin halin ba. Na yi ɗage, na kama bakin hular na ɗaga.

"Innalillahi!"

Ƙuna ce a saman girarsa ta dama, zagayayya kamar murfin kwalba. Tsakiyarta ta tashi, gefen ya yi baƙi.

Ya fizge hular ya mayar.

"Ba wani abu ba ne."

"Me ka saka a kanka?"

Ya kau da kai.

"Yaya, me ka saka?"

"Saya na yi ta waya," ya ce, yana kallon bango. "Irinta ce, sai dai ƙarama. Da kuka rufe naku me kike so in yi? Soson ya bushe ban lura ba. Na ji zafi, na ce ai aiki take. Shekaranjiya kuma ta mutu gaba ɗaya, ko fitilarta ba ta kamawa."

"Kai likita ne fa."

"Na sani."

"Me ka ce wa Mama?"

"Ƙofar mota."

"Ƙofar mota mai zagaye?"

Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. Ya zauna a kan kujerar atisaye, ya dafe gwiwoyinsa don in daina ganin hannun.

"Ki buɗe kabad ɗin, Auta. Ban taɓa roƙonki komai ba."

Gaskiya ya faɗa. Shi ya kai ni makaranta ranar farko, shi ya tsaya a bakin ƙofar ajin har na daina kuka. Bai taɓa cewa in ɗauko masa ko da ruwa ba.

Akwai abin da na daɗe ina riƙe da shi a ciki, ban gaya wa kowa ba, ko Farfesa. Faɗinsa karya dokar binciken ne. In ya fita daga bakina, duk atisayen da Yaya ya yi sai a zubar da sakamakonsa, ni kuma wataƙila a zubar da ni tare da shi.

Na ajiye soson.

"Ko na ɗora maka, ba abin da za ta yi maka."

Ya ɗago.

"Ba ta taɓa yi maka komai ba, Yaya."

"Ban gane ba."

"Ka san rukuni biyu ne. Akwai waɗanda ake ba lantarkin gaske, akwai na bogi."

"Na sani mana, ai an yi mana bayani. Amma ni ta gaske ce. Ina jin ta a fatata, kamar tururuwa na yawo."

"Kowa yana ji. Ta bogin ma haka take farawa, ta ɗan yi tsikari don mutum ya yarda, sai ta kashe kanta. Allon yana ci gaba da nuna tana aiki."

"Ke kuma wa ya gaya miki nawa rukunin? Ba an ce lamba kawai kike dannawa ba, na'urar ce ke zaɓa? Ba don haka Farfesa ta yarda na shiga ba, duk da ke ƙanwata ce?"

"Ba wanda ya gaya min."

"To?"

"Ni ke kwance muku soson."

Ya zuba min ido.

"In na kwance wa abokin aikinka Dogo, shatin soson yana nan a goshinsa, ja, kusurwa huɗu, har ya fita daga ɗakin bai baje ba. Mai Gilashi ta cikinku ma haka, har hoda take shafawa a kai kafin ta koma aiki. Lantarki ne ke jawo jini zuwa fata. Wasu kuwa in na kwance, ruwa ne kawai. In share da auduga, shi ke nan."

"Ni fa?"

"Goshinka bai taɓa yin ja ba. Ko sau ɗaya. Kullum sai na duba."

Can waje wani ya wuce da keken marasa lafiya mai ƙafa ɗaya tana kuka.

Ya miƙe a hankali.

"Kina nufin duk zaman nan da na yi, jiƙaƙƙen soso ne kawai a kaina?"

"Eh."

"Ina zaune kamar wawa, ruwan gishiri na gangaro min cikin kunne, ina yi wa soso godiya?"

"Yaya..."

"Kina kusurwa kina kallona! Kin sani, kika bar ni na je na ƙona fuskata!"

"Ban san ka sayi wata ba. Wallahi ban sani ba."

"Kin san abin da kika yi min yanzu? Abu ɗaya nake da shi da zan shiga ɗakin can da shi. Ɗaya tak. Kin ɗauke."

Ya ɗaga hannayen ya nuna min. Rawar ta ƙaru.

Idona ya cika. Ni ba mai magana ba ce, a gida ma in an yi baƙi ɗaki nake shigewa. Amma na ga in na yi shiru yanzu, ya tafi ke nan a haka.

Na je na kunna akwatin atisaye. Allon ya kawo haske, ga ɗan yankin roba a ciki da tsaga a tsakiya, ga lanƙwasasshiyar allura da zarenta. Na ɗauko dogayen ƙarafan biyu na miƙa masa.

"Ƙulli ɗaya."

"Ba ni da lokacin wasa."

"Wanda ya fi kowa sauri a rukuninku, wa ya yi masa? In ba na'ura ba ce, wa ya rage?"

Ya tsaya yana kallon ƙarafan.

"Kai ne kake zuwa kafin masu shara. Kai ne kake ɗaure zare a hannun kofi, a ƙafar kujera, har a igiyar labulen Mama tana faɗa. Ƙulli ɗaya, Yaya. In ya gagara, ga makullin." Na ciro shi na ajiye a kan tebur. "Da hannuna zan ɗora maka."

Ya dubi makullin. Ya dube ni.

Ya karɓi ƙarafan.

A allo bakin ƙarfen yana karkarwa kamar ganye. Ya kai wa allurar cafka, ta zille. Ya sake, ta juya baibai. Ya ja tsaki.

"Kafaɗarka," na ce a hankali. "Ka ɗaga ta. In kana yi daidai a ƙasa take."

Ya sauke kafaɗa. Ya fitar da numfashi.

Ya kama allurar. Ta shiga robar ta ɓullo ta ɗaya gefen. Ya naɗe zaren a bakin ƙarfen hagu, ya ja, ya sake naɗewa ta ɗaya hannun, ya ja. Ƙullin ya kwanta lif a kan tsagar.

Bai tsaya ba. Ya yi na biyu. Ya yi na uku. Ƙarfen ya daina rawa, ban ma san lokacin ba.

Ya ajiye su, ya tsaya yana kallon tafin hannunsa kamar yau aka ba shi.

Aka buga ƙofa da ƙarfi.

"Likita! Kana ciki?" Muryar Sista ce, babbar nas ɗin tiyata. "Almakashi ya wanke hannu tun ɗazu. Ya ce in tambaye ka ko sai an aiko maka da mota!"

Yaya ya gyara hularsa. Ya kama kafaɗuna biyu.

"Dube ni. Ke ba ki iya ƙarya ba tun kina yarinya, shi ya sa Mama take aikenki ki gano wa ya fasa abu. Abin da kika faɗa min, haka yake?"

"Haka yake."

Ya gyaɗa kai. Ya buɗe ƙofa ya bi Sista, bai ko kalli makullin ba. Ƙafarsa ta hagu ba ta ja ƙasa.

Na zauna.

"Me ya sa na ji an kulle ɗakina ɗazu da rana tsaka?"

Farfesa ce tsaye a bakin ƙofa, jakarta a kafaɗa, gilashinta a saman kai. Idonta ya sauka a kan allon da ke kunne, ya koma kan makullin kabad a tebur, ya dawo kaina.

Na miƙe.

"Ranki ya daɗe, ban buɗe ba. Ban ɗora masa ba."

"Ban tambaye ki abin da ba ki yi ba."

Na gaya mata. Duka. Roƙon, ƙunar, jan goshin, ƙullin. Ina yi muryata tana shigewa ciki, har sai da ta ce in ɗaga.

Ban taɓa ganin Farfesa ta zauna a kujerar ɗalibai ba. Ta zauna.

"Tun yaushe kike karanta goshin mutane?"

"Tun farko-farko."

"Ba ki ga ya dace ki zo ki gaya min ba?"

"Na ji tsoro."

"Kin ji tsoro." Ta cire gilashin daga kanta ta ninke. "Maganar binciken da kika ɓata, da digirinki, za mu yi ta. Ba yau ba. Matso nan."

Na matsa.

"Dubi goshina."

Na duba. Baƙi ne sumul, irin na Yaya.

"Kafin in ɗora wa ɗan kowa abin nan, a kaina na fara gwadawa. Ta gaske, da hannuna na kunna, ba lamba ba ɓoye-ɓoye. Na yi ta yi har na gaji. Kullum in na kwance sai na je madubi. Kin san abin da na gani?"

Na girgiza kai.

"Ruwa," ta ce. "Ruwa kawai."

"Amma Dogo..."

"Dogo fari ne. Mai Gilashi fara ce. Ja yana fitowa a fatar da za ta nuna shi. A irin tawa, da irin ta yayanki, sau da yawa ba ya fitowa ko an ba mutum ta gaske. Wasu kuma matsin robar kaɗai ya isa ya sa su ja, ba tare da lantarki ba. Ke kin ga farare suna ja, baƙaƙe ba sa yi, kika raba mutane gida biyu a ranki."

Na shiga lissafa fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda na ce na gaske ne, fari ne ko wankan tarwaɗa. Duk wanda na ce na bogi ne...

Na dafa tebur.

"To wanne aka ba shi?"

"Ban sani ba."

"Ranki ya daɗe, don Allah."

"Na ce miki ban sani ba! Ba wanda ya sani a ginin nan. Mai lissafinmu ne kaɗai ke riƙe da jerin rukunan, yana wata jami'ar, kuma ba zai buɗe ba sai an gama binciken. Wataƙila kin yi daidai. Wataƙila kuma kin tura shi ɗakin can da labarin da kika ƙirƙira."

"Amma ya yi ƙullin. A gabana. Ba komai a kansa."

"A kan roba." Ta miƙe ta ɗauki jakarta. "Roba ba ta zubar da jini. Akwai mace kwance a can, ita ma 'yar wasu ce, ba ta san da bincikena ba, ba ta san da jarrabawarsa ba. Likitan da ya ƙona kansa da waya kwanan nan, hannunsa yana rawa ɗazu, dole mai kula da shi ya sani."

"In kika faɗa wa Almakashi zai karɓe aikin."

"Zai iya."

"In ya karɓe, ya faɗi ke nan. An kore shi."

Ta juya. Ta fita.

Na bi ta. Doguwar barandar nan da nake bi kullum kaina a ƙasa, yau ban ga kowa a cikinta ba. Takalminta yana ƙwas ƙwas a gaba, ni ina baya ina "ranki ya daɗe, ranki ya daɗe", ba ni da abin da zan ɗora a kai.

Muka iso ƙofar tiyata. A samanta akwai fitila, in an fara aiki takan kama ja. Ba ta kama ba tukuna.

A kan benci wani dattijo yana zaune da jakar mata a cinyarsa, ya riƙe ta da hannu biyu. Mijin matar ne. Ya ɗago ya gaishe mu, Farfesa ta amsa, ni na kasa.

Ƙofar ta buɗe. Sista ta leƙo, takunkumi a fuska, hannayenta a sama.

"Yawwa, ƙanwar likita, ke nake nema. Ni dai ban taɓa ganin irin wannan ba. Mata ta yi barci, an shafa magani, an rufe ta, an miƙa masa wuƙa, ya tsaya. Wai sai na zo na tambaye ki."

"Me?"

"Wai kin tabbata?"

Na ji Farfesa ta juyo tana kallona.

"Ki ce masa... ki ce masa na ga ƙullin da ya yi da idona."

"A'a, 'yar nan, kada ki haɗa ni da dogon zance. Ya ce eh ko a'a. Almakashi yana kallon agogo, in na koma ba amsa shi zai karɓi wuƙar."

Dattijon yana kallonmu, yana murza hannun jakar.

Ban taɓa yi wa Yaya ƙarya ba. Shi ya sa ya aiko.

"Ki ce masa eh."

Sista ta juya. Ƙofar ta rufe.

Ban ɗaga kai ba, a kan farar rigata na ga hasken ya sauka. Ja.

Farfesa ta miƙa hannu cikin kwalin da ke jikin bango, ta zaro takunkumi, ta ɗaura. Ta zaro hula ta saka.

Sai da ta tako na gane inda nake tsaye. Bayana yana jingine da ƙofar, hannayena a buɗe, ɗaya a kowane gefe.

"Matsa," ta ce.

Ban matsa ba.